A Rufe Wa Iklima Nata

220 Logements, Adjamé
Lahadi

Zuwa ga taubashina Sadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Tsahara, baiwar Allah mai haƙurin zama da kai. Ka gaishe mini da kakarmu Inna Dije. Ni lafiyata ƙalau, sai ruwan saman Abidjan da ba ya san gajiya ba.

Kada ka yi mamakin ganin imel maimakon kira. A gidan Kawu Kailu ko tari ka yi sai an yi maka sannu daga wani ɗakin, maganar da zan yi kuwa ba na so ta koma kunnensa.

Kana nan lokacin da Kawu ya zo Katsina ya roƙi Inna ta ba shi aron ni. Cewa ya yi wata uku kawai, in haɗa wa ofishinsa na fiton kaya a Treichville manhajar yanar gizo, yadda 'yan kasuwa za su riƙa duba inda kwantenarsu ta kwana a tashar jirgin ruwa ba sai sun dame shi da waya ba. Inna ta ce in je, kuma kada in sake in taho sai ya ba ni izini da bakinsa. To aikin na gama shi tuntuni, amma ga ni nan har yau.

Ga abin da ya ɗaure ni. In na buɗe manhajar a kwamfutar ofis, na sa suna da kalmar sirri, sai ta buɗe tas. In ɗan kasuwa ya buɗe ta a wayarsa da safe, sai wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a tsakiyar allo, ba gaba ba baya. Sai a kira ni. In je shagon, in share abin da burauzar ta ajiye, in sa shi ya sake shiga, ta buɗe. Washegari ta koma gidan jiya.

Yanzu kullum kafin in hau gbaka, 'yar bas ɗinsu ta nan, sai na zaga shagunan Adjamé ɗaya bayan ɗaya kamar mai tallar koko. Akwai wata Hajiya Maimunatu mai sayar da takalma, da ta hango ni sai ta miƙo waya ta ce, "Ma fiy, 'yata, ga mutuniyarki, sai ta gan ki take tashi." Har sun fara cewa manhajar ni ta sani. Dariya suke yi, ni kuwa ba ta ba ni dariya, domin Kawu ya ɗauki maganar da gaske.

Sadi, na gaji. Faransancina bai wuce na sayen burodi ba, 'ya'yan Kawu kuma Hausarsu a bakin gaisuwa take ƙarewa. Daga gida sai cunkoson gada, daga gada sai ofis. Kai ne ka koya mini wannan sana'a, don haka kai za ka fitar da ni. Me ke faruwa?

Taka,
Iklima

*

Katsina
Laraba

Iklima sarkin ƙorafi,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun yi murna da jin kina lafiya. Tsahara tana amsawa, ta ce ita dai haƙurinta ya kusa ƙarewa. Inna kuwa jikin ya ɗan motsa tun makon jiya. Ƙafafun sun kumbura, ta daina fitowa tsakar gida tsinkar zogale, kunu ma sai an lallaba take sha. Tsahara ta koma kwana a ɗakinta. Amma da sauƙi. Tana yawan tambaya ko Kailu ya ce wani abu game da tahowarki.

To, mu koma kan mutuniyarki mai son ganinki. Ba aljanu ba ne, kada ki ɓata kuɗin hayaƙi. Ki lura da bambanci ɗaya. Ke kullum sabuwar shiga kike yi, kina rubuta kalmar sirri. Su kuwa na tabbata ba wanda ya taɓa danna "fita" tunda aka haife shi. Ɗan kasuwar da ba ya rufe rediyonsa ne zai fita daga manhaja? Wayarsu tana tuna su, kwamfutarki ba ta tuna ki. Ki fara tono daga nan.

Ki ba ni amsar abu biyu. Wane ɓangare ne yake sanar da sauran manhajar cewa mutum ya shiga? Kuma a ina kika ajiye mai sauraron wannan sanarwar? Ki turo mini fayil ɗin da manhajar take tashi da shi, da na shafin farko.

Ki kwantar da hankali ki yi aikin da kyau, amma kada ki bar shi ya ja lokaci. Ki gaida Kawu da iyali.

Taubashinki,
Sadi

*

Treichville
Juma'a

Malam Sadi,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi Inna ta samu sauƙi, ka ce mata ta rage cin gishiri. A gaida Tsahara.

Ka canka daidai. Kwamfutar ofis ni na hana ta tuna kowa, saboda hannu da yawa ke taɓa ta. Jiya na tambayi Hajiya Maimunatu ko tana fita daga manhajar in ta gama. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "In fita in je ina? Ba nawa ba ne?" Kalmar sirrinta ma ba ta riƙe ba, 'yarta ake kira a waya duk lokacin da na zo.

Ga amsarka. Akwai ɓangaren tantancewa, shi ne yake duba ko akwai makullin mutum a ajiye a burauza, in ya samu sai ya yi shelar "an shiga". Mai sauraron kuma yana cikin shafin farko, shi ne yake kawar da da'irar ya nuna kwantenoni. Na haɗo maka fayilolin duka biyun. Na karanta su har idona ya yi ja, kowanne daidai yake.

"Kada ki bar shi ya ja lokaci." Wannan layin ya ƙona mini rai, Sadi. Kana zaune a gida kana cin tuwon Tsahara, kana zaton ni nake jan ƙafa don daɗin aceke, dambun rogon nan nasu, da kifi? Bari ka ji abin da ya faru yau.

Bayan an sauko daga masallaci na samu Kawu shi kaɗai a ofis, na durƙusa na ce, "Kawu, maganar komawata gida."

Bai ko ɗago daga takardun kwastan ba, duwan in ji mutanen nan. Ya ce, "Iklima, abin nan ke ya sani. Ranar da ba ki zaga ba, sa marsh pa, ba ya aiki. In kin tafi kiliyan, masu hulɗa da mu, duk su gudu, in ce musu me?"

Na ce ana kan gyarawa.

Ya ce, "Bon, shi ke nan. Ranar da ya tashi da kansa ba ke, sai mu yi magana. Gwaggo Dije ta ba ni ke, ba ta ce mini da gaggawa ba."

Ba mugun mutum ba ne, ka san shi. Ko ruwa aka yi sai ya aiko direba ya ɗauke ni. Amma fasfona yana cikin akwatin ƙarfen ofis tare da na duk yaran gidan, makullin kuma a aljihunsa yake kwana. Ta tagar da nake zaune ina ganin manyan motoci suna fitowa daga tashar jirgin ruwa, kowace da inda ta nufa. Wallahi har kishinsu nake ji.

Ka duba fayilolin da wuri.

Iklima

*

Adjamé
Asabar

Sadi,

Gaisuwa. Mako biyu ke nan shiru. Na kira ka daga bakin titi, wayarka tana ta ringi ba ka ɗauka ba. In maganar tuwo ce ta ɓata maka rai, wasa nake yi, kai ma ka sani. In kuma matsalar ce ta fi ƙarfinka, faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba sai duk Katsina.

Shagunan da nake zagawa sun ƙaru. Takalmina ya tsinke a kasuwa, Hajiya Maimunatu ta ba ni wani kyauta, wai kada in fasa zuwa.

Iklima

*

Katsina
Litinin

'Yar'uwata Iklima,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shirun, ba fushi ba ne. Muna asibiti da Inna, a ɗakin da aka kwantar da ita kuma ba a son ƙarar waya. Jiya likitan ya kira ni gefe ya ce mu dawo da ita gida, ta fi samun natsuwa a ɗakinta. Mun dawo. Mutanen Maraɗi, dangin Inna, sun iso, Tsahara tana ta fama da baƙi. Da sauƙi, alhamdu lillahi. Da aka shigo da ita sai da ta dubi ƙofar ɗakinki.

Na duba fayilolinki a bencin asibiti. Gaskiyarki, kowanne daidai yake. Lokacinsu ne bai haɗu ba.

In manhaja tana tashi, ɓangaren tantancewa ne yake fara farkawa. Ga wanda wayarsa ta tuna shi, nan take yake ganin makulli, ya yi shelar "an shiga" sau ɗaya tak, ya yi shiru. A lokacin shafin farko bai gama lodi ba, mai sauraronki bai zauna ba tukuna. Da ya zauna sai ya kasa kunne yana jiran abin da ya riga ya wuce. Kamar baƙon da ya yi sallama a zaure mutanen gida suna can bayan gida: shi ba zai shiga ba a amsa ba, su kuma ba su san ya zo ba. Ke da kike rubuta kalmar sirri, kafin ki gama shafin ya daɗe da zama, shi ya sa yake jin ki.

Gyara biyu za ki yi.

Na farko, ki ɗauke mai sauraron daga shafin, ki kai shi can farkon fayil ɗin tashi. A zaunar da shi kafin a tada ɓangaren tantancewa, ba bayansa ba.

Na biyu, kada ki dogara da shela kaɗai. Ki sa a riƙa ajiye sanarwar ƙarshe a wuri guda, duk shafin da ya iso a makare ya fara tambayar wane hali ake ciki yanzu, a miƙa masa. Kin tuna yadda Inna take yi in kin daɗe a makaranta? Ba ta sake ɗora tukunya, ba ta kuma bari a cinye. Sai ta ce a rufe wa Iklima nata. To haka.

In kin gama, kada ki gwada a kwamfutar ofis. Ki gwada a wayar Hajiyar takalma, ba tare da kin share komai ba. In ya yi, ki je wurin Kawu a ranar.

Sadi

*

Treichville
Alhamis

Sadi gwani na gwanaye,

Gaisuwa da jinjina! Madalla da aka sallamo Inna, ka ce mata saura ta tashi ta daka mini fura.

Ya yi! Layukan da na taɓa ba su cika tafin hannu ba. Shekaranjiya na tura gyaran, jiya da safe na je shagon Hajiya Maimunatu na tsaya daga nesa, bayan masu lemo, don kada a ce gani na ta yi. Ina kallo ta zaro waya ta danna. Sai na ji ta ƙwala wa maƙwabcinta kira: "Kai, zo ka gani, ta tashi ba yarinyar!" Yau ba wanda ya kira ni. Na hau gbaka kai tsaye, har na samu wurin zama kusa da taga.

Na je wurin Kawu kamar yadda ka ce. Ya yi murna sosai, har ya aika aka sayo gasasshiyar kaza. Sai dai ya ce tunda hannuna ya faɗa, in ƙara musu wani shafi da direbobin manyan motoci za su riƙa ganin layinsu. Wai aikin wata ɗaya ne, daga nan shi da kansa zai kai ni filin jirgi. Na so in ce a'a, amma ga kaza a gabana. Na ce a raina tunda Inna ta warware har an dawo gida, wata ɗaya ba zai kashe ni ba. Na amsa masa.

Ka shirya, zan dame ka da tambayoyi a kan sabon shafin.

Iklima

*

Katsina
Alhamis

Iklima,

Yau ba gaisuwa, tunda na gane tsallake ta kike yi. Ki koma ki karanta farkon wasiƙuna biyu, a hankali.

Inna ta hana a ɗaga miki hankali, ta ce amana ta ba Kailu, ba za ta karɓe da hannunta ba. Na yi mata alkawarin ba zan ce miki ki taho ba. Ban ce ba. Amma ban taɓa rubuta miki cewa ta warware ba.

Sadi

*

Treichville
Juma'a

Sadi,

Na karanta. Na sake karantawa. Ƙafafu sun kumbura. Tsahara ta koma ɗakinta. Likita ya kira ka gefe. Mutanen Maraɗi, waɗanda ko bikinka sai wakili suka aiko. Duk suna nan a rubuce, a wurin da idona yake bi da gudu yana neman inda ka fara maganar manhaja. Da na ga "da sauƙi" sai in wuce. Ni da na tashi a gidan da ko mutum yana shure-shuren mutuwa "da sauƙi" ake cewa.

Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, ban san wanda ya fi ba. Tsoro nake ji, Sadi.

Da safe ban jira an gama karyawa ba na tari Kawu a bakin mota. Ban durƙusa ba ma. Na ce, "Kawu, Inna ce. Gida zan tafi."

Ya tsaya da makullin mota a hannu. Ya ce, "Ai na gaya miki. Ran Talata da kika zo gaishe ni na ce an bugo daga Maraɗi, jikin Gwaggo ya matsa. Kika ce Allah ya ƙara sauƙi, kika tashi. Na ce to, yarinyar nan ta sani, tana da ƙarfin hali."

Ran Talata nake shirin tura gyaran. Na tuna na durƙusa, na tuna bakinsa yana motsi, amma kaina yana kan fayil ɗin tashi.

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Yako, sannu, 'yata. Bar shafin direbobi, bar komai. Na ba ki izini." Muka taho Treichville tare, gada ta cushe kamar kullum. Ya buɗe akwatin ƙarfen da hannunsa ya miƙo mini fasfo. Ashe abin da zan faɗa ke nan tun farko, a buɗe.

An samu kujera a jirgin Legas na ranar Lahadi, na yau da na gobe sun cika. Daga Legas sai Kano, daga Kano mota. Ga ni zaune a ofis da fasfo a cinya, ba abin da zan iya yi wa Lahadi ta matso.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka ƙara ce mini da sauƙi. Ka gaya mini halin da take ciki yanzu, a layin farko, kowane iri ne. In tana ji, ka kai bakinka kunnenta ka ce Kailu ya ba ni izini da bakinsa, ina hanya.

Iklima

*

Katsina
Asabar

Iklima,

Allah ya yi wa Inna rasuwa yau da hantsi, an kai ta bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dattawa sun ce a bari sai kin sauka a gaya miki. Na ce kin roƙe ni layin farko.

Saƙonki ya same ta. Jiya da la'asar na durƙusa na faɗa mata yadda kika ce, kalma da kalma. Ta buɗe ido ta ce, "Da bakinsa?" Na ce da bakinsa. Ta ce madalla.

Ba ta wahala ba. Da magariba Tsahara ta shigo da tuwo don baƙi, ƙamshin miyar kuka ya cika ɗakin. Inna da ta kwana biyu ba ta kula abinci ba sai ta juyo da kai, ta bi kwanukan da ido kamar tana ƙirga mu. Ta ce, "A rufe wa Iklima nata." Ba ta sake magana ba.

Kada ki fasa tahowa. Zan zo Kano in ɗauke ki. Ki gaida Kawu, ki yi masa ta'aziyya, shi ma gwaggonsa ce.

Tsahara ta zuba a kwanon nan naki mai murfin shuɗi, ta rufe, ta ajiye a ɗakinki. Yau da safe ta juye ta zuba sabo. Ta ce haka za ta riƙa yi har ki iso.

Ɗan'uwanki,
Sadi